Hoton da Ke Auna Gajiyar Gada

 Gaisuwa ga mutanen Surko da Birnin Kudu da Gwaram, domin zancen na yau a kan hanyarku yake.

Da yawa a cikinku ba su manta da watan Agustan 2021 ba, lokacin da gadar da ke kusa da Radabi, a hanyar Gwaram zuwa Basirka, ta karye bayan ruwan sama mai ƙarfi, mota ta afka ciki, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai ka ji ana cewa ai gadar ta daɗe da gajiya. To, ita gajiyar kankare da ƙarfe, ana iya auna ta? Ana iyawa, kuma yau har da hoto ake yi.

Duk abin da aka ɗora wa nauyi sai ya ɗan miƙe, ko ya matse, ko ya lanƙwasa, ko da dutse ne. Injiniyoyi suna auna wannan ne da gwada ƙarin tsawon da aka samu da tsawon asali. Abin mamakin shi ne ƙanƙantarsa. Kankare mai tsawon mita guda, idan aka ja shi ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita, ya isa ya fara tsagewa. Rodi kuwa ya fi haƙuri: sai ya miƙe da kusan milimita 2 a kowace mita kafin ya saki, ya ƙi komawa yadda yake. Babu idon da zai ga wannan, komai kaifinsa.

Tun 1938 ake da wata 'yar na'ura mai siririyar waya da ake manna wa jikin ƙarfe, Edward Simmons da Arthur Ruge suka ƙirƙiro ta a Amurka, kowa da nasa binciken. Tana da kyau, har gobe ana amfani da ita, sai dai labarin wurin da aka manna ta kaɗai take bayarwa. In tsagar ta ɓullo taku ɗaya daga gefe, ba ruwanta.

A farkon shekarun 1980 ne masu bincike a Jami'ar South Carolina, irin su Peters da Ranson da Michael Sutton, suka fito da wata dabara da injiniyoyi ke taƙaita sunanta da DIC, wato gwama hotuna da kwamfuta. Ga yadda ake yi. A shafa wa jikin abin farin fenti, a yayyafa masa baƙi, ya yi ɗige-ɗige barkatai kamar ɓawon ƙwan zabo. A kafa kyamara daram, a ɗauki hoto kafin a ɗora nauyi, a ƙara ɗauka bayan an ɗora. Sai kwamfuta ta yanka hoton farko gida-gida, ta bi kowane gida tana neman inda ɗige-ɗigensa suka koma a hoto na biyu. Dalilin da ya sa ake son su barkatai ke nan: kada wani gida ya yi kama da maƙwabcinsa, kwamfuta ta rikice. Daga motsin gidajen take zana taswira mai launi, nan ya miƙe, can ya matse, ga inda tsaga ke shirin fitowa tun ba ta buɗe baki ba. In aka sa kyamara biyu, har kumbura da loɓawa ana gani.

Bari mu ɗan yi lissafi, kada ku gaji da ni. Hoto ƙananan ƙwayoyi ne jere. A ce faɗinsa ƙwaya 4,000, kuma ya ɗauko faɗin mita guda. Kowace ƙwaya rubu'in milimita ke nan. A ɗakin gwaji, da haske mai kyau, manhaja kan gano motsin da ya kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwaya guda. Amma in ka ja baya don gada mai mita 20 ta shiga hoton, kowace ƙwaya ta zama milimita 5, awon ya rage kaifi. Duk da haka ya isa a ga yadda tsakiyar gada ke saukowa in tirela mai siminti ta hau, da kuma ko ta koma daidai bayan ta wuce. Wannan komawar ita ce abin dubawa.

A fili ba kullum ake buƙatar fenti ba. Tsohon kankare yana da nasa zanen, haka ma duwatsun Birnin Kudu, waɗanda Allah ya halitta da ɗige-ɗigen baƙi da fari. Dutsen Habude da Dutsen Mesa, masu tsofaffin zanen shanu da Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a shekarun 1950, zafin rana da sanyin dare na aiki a kansu kullum. Mai son sanin ko wata tsaga a jikinsu tana buɗewa ba sai ya manna komai a kan zanen ba.

Sai dai ƙasarmu tana da nata sharaɗin. Da tsakar rana a watan Afrilu, kawalwalniya tana sa abin da ke tsaye ya riƙa rawa a hoto, kwamfuta kuma ta ɗauka motsi ne na gaske. Ƙurar hunturu tana dushe hoto. Iska na girgiza ƙafar kyamara. Shi kansa kankaren yana miƙewa da zafi: ƙarin digiri 10 kan ƙara wa mita guda kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita, daidai da adadin da muka ce ɗazu ya isa kankare ya fara tsagewa. Don haka injiniya mai hankali da sassafe yake awo, kuma yana rubuta zafin wurin.

Babban abin da kyamara ba ta gani shi ne ƙarƙashin ruwa. Gadoji da kwalbatoci da yawa ba nauyi ke kashe su ba, ambaliya ce ke kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi, ko ta cinye ƙasar da ke bakin gada, cikin dare ɗaya. Wanda ya ce maku hoto zai hana wannan, ya faɗi son ransa. Abin da hoto zai iya nunawa shi ne ginshiƙin da ya fara karkata ko nutsewa daga damina zuwa damina.

Nan ne kuma, a ganina, gizo ke saƙar. Manhajojin akwai na kyauta, irin su Ncorr da DICe, kyamara ma ba gagara ba ce ga ma'aikatar ayyuka ko sashen injiniya na jami'a. Abin da ke da wuya shi ne hoton farko. In babu shi, babu abin gwadawa. Sai an kafa alamar siminti a gefen kowace gada inda za a riƙa dasa kyamara, a ɗauka kafin ruwan farko, a ƙara bayan na ƙarshe, a rubuta rana da sa'a, a ajiye inda wanda zai gaji kujerar zai same shi.