Zafi da Tsawon Ran Batirin Ajiye Wutar Rana a Gida

A wannan maƙala za mu duba abin da ke kashe batirin gida tun kwanansa bai ƙare ba. Batirin darma, wanda Gaston Planté ya ƙago a Faransa a 1859, in mai bolt 12 da amfiya-awa 200 ne, yana ɗaukar kilowat-awa 2.4. Amma rabi kaɗai ya kamata a zuƙa, domin yawan tatsa na lalata farantansa.

A ganinmu zafi ya fi ɓarna. A kan digiri 25 ake auna ingancin batiri, kuma kowane ƙarin digiri 10 kan rage kwanansa da kusan rabi. To, a Sakkwato zafin Afrilu kan haura digiri 40, ga shi sau da yawa a ɗaki mai rufin kwano, marar taga, ake ajiye shi.