Hanyar Kongo da Shika Tun Daga SS1 Take Farawa

Daga Ƙofar Doka zuwa harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo tafiyar 'yan mintoci ce a Keke Napep. Amma na koyar da yara da dama a cikin birnin Zazzau waɗanda wannan 'yar tafiya ta gagare su, ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, sai don darussan da aka zaɓa musu tun suna 'yan shekara 14 ko 15.

Da yaro ya gama JSS3, ranar da ya shiga SS1 ake tura shi ajin kimiyya, ko na fasaha, ko na kasuwanci. Yawanci uba ne ke yanke hukunci: "Likita nake so ya zama." Shi ke nan, sai a cusa yaron da lissafi ke ba shi tsoro cikin ajin kimiyya, domin a unguwa ana ganin ajin fasaha na malalata ne. Wannan ra'ayin yana ci mini rai ƙwarai.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ba burin uba take dubawa ba, takarda take dubawa. Jarrabawar JAMB darasi huɗu ce, maki 400, kuma Turanci dole ne. Mai son likitanci, wanda zai ƙare a asibitin koyarwa na Shika, sai ya rubuta bayoloji da kemistiri da fiziks. Mai neman injiniyanci a harabar Samaru, lissafi ne zai maye gurbin bayoloji. Sannan a WAEC ko NECO ana son kiredit biyar a darussan da suka dace da kwas ɗin, ba kowane biyar ba.

Wurin da aka fi yin asara shi ne karatun lauya. Tsangayar shari'a tana Kongo, gab da mu, amma tana neman adabin Turanci. Yara da yawa na guje masa a SS1 saboda littattafan da za a karanta suna da yawa, sai sun je cike fom a SS3 sannan su ga ƙofa a rufe. A lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe, sai dai a sake zana jarrabawa, a yi asarar shekara da kuɗi.

Akwai kuma arzikin da muke rainawa. Yaron da ya tashi a zauren malamai na unguwar Kona ko Juma ya riga 'yan wasu garuruwa nisa a Larabci. In ya haɗa Larabci da ilimin addinin Musulunci da adabin Turanci, yana da ƙarfin neman sashen shari'ar Musulunci a Kongo ɗin nan.

Iyayen ɗaliban makarantar Alhudahuda da na makarantar 'yan mata ta Ƙofar Gayan, kafin ku sa hannu a takardar SS1, ku sa a buɗe muku kundin JAMB a waya, ku ga abin da kwas ɗin yake nema. Ku kuma zauna da malamin lissafin yaron, ku ce masa: "Malam, tsakaninka da Allah, zai iya?"