Ciwon Damuwa na Masu Jego da Tasirinsa a Kan Tasowar Yaro a Kudancin Kano

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa haihuwa tana girgiza jikin mace, don haka ya tanadi jego. A ƙasashen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, mace takan yi kwana arba'in tana wankan ruwan zafi da ganye, tana shan kunun kanwa, tana cin ƙauri, ana kuma ɗauke mata aikin gida. Mai haihuwar fari ma takan tafi gidan iyayenta goyon ciki. Duk wannan hidima jiki take nufa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta jawo hankali ga wani ciwo da ruwan zafi ba ya kaiwa gare shi, watau ciwon damuwa da kan kama mace a lokacin ciki ko bayan haihuwa, sa'an nan ta bayyana yadda yake shafar girman jikin yaro da buɗewar bakinsa da halayyarsa.

Mene ne Ciwon?

Likitoci sun rarrabe abubuwa uku waɗanda jama'a kan cakuɗa. Na farko shi ne 'yar ƙuncin rai da saurin kuka da kan zo wa mata da yawa daga kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa, sakamakon saukar sinadaran da ciki ya tara a jiki. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Na biyu shi ne taɓin hankali na bayan haihuwa, inda mace za ta riƙa sambatu ko ganin abin da babu shi. Yakan sami mace ɗaya ko biyu cikin dubu, kuma da yake a fili yake, nan da nan ake tashi neman magani.

Na uku, wanda ake magana a kansa, shi ne ciwon damuwa. Alamominsa sun haɗa da baƙin ciki na yau da gobe wanda ya wuce mako biyu, da rashin jin daɗin abin da a da ake jin daɗinsa, da kasa barci ko da jinjiri ya yi barci, da rashin cin abinci, da kasala, da yawan ganin laifin kai. Idan ya tsananta, mace takan ji cewa gara ta mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kimanin kashi 15.6 cikin ɗari na masu ciki, da kashi 19.8 cikin ɗari na waɗanda suka haihu, suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwo. Ke nan ana maganar mace ɗaya cikin biyar. An taɓa zaton cutar Turawa ce, amma John Cox, wanda ya yi aiki a Uganda cikin shekarun 1970, ya same ta a tsakanin matan karkara na can. Shi ne kuma daga baya, a 1987, tare da abokan aikinsa, ya fito da ma'aunin Edinbara mai tambayoyi goma da ake gano ciwon da shi.

Dalilan Ɓuyarsa a Ƙasar Hausa

Abubuwan da kan jawo ciwon sanannu ne: talauci, da rashin jituwa da miji ko kishiya ko uwar miji, da duka, da ɓari ko wabi, da haihuwa da ƙuruciya, da kwanika. Ga kuma nauyin aiki. Matan wannan yanki na masara da rake da shinkafa suna da hannu dumu-dumu a sussuka da casa da turara shinkafa, maza da yawa kuwa sukan tafi ci-rani da zarar an kawar da amfanin gona. Da an yi arba'in, taimako yakan janye a rana ɗaya, mace ta koma ga murhu da turmi da goyo a baya, alhali ciwon yana iya ci gaba, ko ma ya fara, watanni bayan haka.

Tarbiyya ma takan rufe shi. An hori 'ya mace da haƙuri da kawaici, an gaya mata ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wadda Allah ya ba haihuwa ta ce ranta a ɓace yake, sai a ce ta yi butulci. Saboda haka takan kai ƙarar jikinta kawai, ta ce kanta na ciwo, ko zuciyarta na bugawa, ko jiri na ɗibarta. A gida kuma a fassara abin da iska ko sammu ko kambun baka.

Akwai kuma kunyar ɗan fari. Al'ada ta hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane. A gidan da kaka da gwaggo suke kusa, su kan cike wannan gurbi. Amma wannan kunya tana kama da babbar alamar ciwon, watau janyewar uwa daga jinjirinta. Yarinyar da ciwo ya danne sai a yaba mata a ce mai kunya ce, ba wanda zai tambayi abin da ke ranta.

Tasiri a Kan Jikin Yaro

Illar takan fara tun daga ciki. Mai damuwa ba ta cin abinci sosai, ba ta kuma kula da zuwa awo, kuma bincike ya danganta ciwon da haihuwar bakwaini da jinjiri marar nauyi. Bayan haihuwa, reno aiki ne na lura: a ba da nono a kan kari, a wanke hannu da kwano, a zauna a lallashi yaro ya sha koko, a gane zazzaɓi da wuri, a tuna ranar allurar rigakafi. Ciwon damuwa kuwa ƙarfin yin waɗannan abubuwa yake cinyewa.

A 2004 Atif Rahman ya buga sakamakon bin diddigin mata da jariransu a karkarar Rawalfindi ta Pakistan, inda ya nuna cewa 'ya'yan masu ciwon sun fi ramewa da tsumburewa da yawan gudawa. A 2008 Abiodun Adewuya da abokansa suka sami irin wannan sakamako a kudu maso yammacin Nijeriya. A 2011 kuma Pamela Surkan ta tattara bincike 17 daga ƙasashe 11 masu tasowa, ta ga haɗarin ƙarancin nauyi ya kai kusan ninki ɗaya da rabi ga irin waɗannan yara. Wannan magana tana da nauyi a Jihar Kano, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Rashin abinci da cututtuka su ne manyan dalilai, amma halin da uwa take ciki yana ƙara wa wutar itace.

Tasiri a Kan Harshe da Hali

Nan ne batun ya fi shafar ɗalibin harshe. Ƙwaƙwalwar jinjiri kimanin rubu'in ta babba ce ranar haihuwa, kafin ya cika shekara biyu kuwa ta kai kusan kashi huɗu cikin biyar. Abin da ke gina ta a wannan tsakani, baya ga abinci, shi ne musayar da ke gudana tsakaninsa da mai renonsa. Jinjiri ya yi gwaranci, uwa ta maimaita masa. Ya yi murmushi, ta mayar masa. Ya miƙa hannu ga ludayi, ta faɗi sunansa. Waƙar reno da tawai da kirarin da ake yi wa yaro idan ya fara tata, duk darussa ne. Daga nan kunnensa yake kama karin sautin Hausa da tsawon wasali tun bai furta kalma ko ɗaya ba. Ba banza aka ce harshen uwa ba.

A 1978 Edward Tronick na Amurka ya bayyana wani gwaji mai sauƙi. Uwa tana wasa da jinjirinta, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci. Jinjirin yakan yi murmushi da ƙara da miƙa hannu don ya dawo da ita, in ya kasa sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Abin da aka yi na 'yan mintoci a ɗakin gwaji, shi ne ɗan mai damuwa yake gamuwa da shi wata da watanni. Labarin zuciya a tambayi fuska, jinjiri kuwa ba shi da littafin da ya wuce fuskar uwarsa. A Ingila, Lynne Murray ta bi irin waɗannan yara daga jarirantaka har suka kai shekara 16, ta ga wasunsu, musamman maza, sun yi rauni a karatu, kuma su ma ciwon damuwa ya fi saurin kama su.

Duk da haka, ba kowane yaro ne abin yake yi wa lahani ba. Illar ta fi tsanani idan ciwon ya daɗe, ya kuma haɗu da talauci da kaɗaici. Gidan gandu, inda yaro ke yawo daga bayan kaka zuwa bayan yaya, garkuwa ce babba. Haka kuma ba laifin uwar ba ne, kamar yadda ba a ɗora wa mai zazzaɓi laifin zazzaɓinsa.

Hanyoyin Magani

Ciwon yana warkewa. Likitocin ƙwaƙwalwa suna birnin Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, kuma daga Riruwai ko Doguwa tafiya ce mai nisa ta cikin dajin Falgore. Sai dai an gwada hanyar da ba ta dogara da su ba. A Pakistan an koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye yadda za su zauna da mai ciki, su saurare ta, su taimaka mata ta warware tunaninta. A sakamakon da aka buga a 2008, bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. Nauyin yaran bai bambanta sosai ba, amma gudawa ta ragu, rigakafi ya ƙaru, iyaye kuma sun fi yi musu wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. A Jihar Oyo ma, Oye Gureje ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci suna iya wannan aiki. Inda ciwon ya yi tsanani akwai ƙwayoyin da likita kan rubuta ko mace tana shayarwa. Wadda ta ambaci kashe kanta, ko take kumburi da haki, asibiti za a kai ta ba tare da jinkiri ba, domin hakin na iya zama ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda Davidson da Parry suka yi nazarinsa a Zariya cikin shekarun 1970.

Kammalawa

An ga cewa ciwon damuwa yana kama mata da yawa, yana ɓuya a bayan haƙuri da kunya, yana kuma taɓa jikin yaro da harshensa. Waɗanda suka fi kowa kusa da maganinsa suna nan cikin gida da unguwa: ungozoma, da kaka, da miji, da malamin da ake zuwa karɓar rubutu wurinsa, da ma'aikaciyar awo. Abin da ya rage shi ne su san alamomin, su tambayi mai jego halin da zuciyarta take ciki kamar yadda suke tambayar ruwan nono, kuma kada taimako ya yanke ranar arba'in. Ga masana Hausa kuma akwai aiki na musamman, watau tattara kalmomin da mata suke bayyana ƙuncinsu da su, domin tambayar da ma'aikaciyar lafiya za ta yi a Ƙiru ko Bebeji ta zo da lafazin da mai jego za ta gane, ta kuma amsa ba tare da jin nauyi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.