Sojan Kanada a Hong Kong, 1941

Sa'ad da yaƙi ya ɓarke da Japan cikin watan Disamba na 1941, galibin sojan Kanada da ke ƙetare suna jibge a Ingila saboda Jamus. Amma wata 'yar runduna ta mutum 1,975 da ke can Hong Kong, watau tsibirin nan na gaɓar ƙasar Sin da Ingila ke mulki a lokacin, ita ce ta fara shan wuta.

Tun farkon wannan shekara Churchill ya faɗa cewa babu halin kare Hong Kong idan Japan ta kawo hari. Daga baya aka shawo kansa cewa ƙarin soja kaɗan zai sa Japanawa su yi shakka. Gwamnatin Mackenzie King ta amsa roƙon Ingila, ta ba da bataliya biyu, Winnipeg Grenadiers da Royal Rifles. Aikin gadi suka saba yi, ta farko a Jamaika, ta biyu a Newfoundland, kuma horonsu bai kammala ba. Suka tashi daga Vancouver ran 27 ga Oktoba, suka sauka ran 16 ga Nuwamba. Motocinsu kuwa, da aka ɗora wa wani jirgin ruwa dabam, a Manila suka maƙale.

Mako uku kawai suka samu. Ran 8 ga Disamba Japanawa suka faɗo, daren 18 ga wata suka ƙetara zuwa tsibirin. Kashegari aka kashe kwamandan rundunar, Birgediya John Lawson, bayan an yi wa hedkwatarsa zobe. A ranar ce kuma Saje Manjo John Osborn ya kwanta a kan gurneti don ya ceci mutanensa, aka ba shi lambar Victoria Cross bayan mutuwarsa. Ranar Kirsimeti Gwamna Mark Young ya miƙa wuya.

'Yan Kanada 290 suka mutu a fagen fama. Sauran suka shafe fiye da shekara uku da rabi a sansanonin fursuna, wasu a Hong Kong, wasu suna aikin tilas a ma'adinai da masana'antun jiragen ruwa na Japan. Yunwa da cuta da duka suka kashe fiye da 260, kusan daidai da abin da harsashi ya ci. Sai a 2011 gwamnatin Japan ta nemi gafarar waɗanda suka saura da rai.