Jan Mota Kamar Jan Sa Ne

Wanda ya taɓa ganin mahauta sun sayo sa a kara, a Sabon Birni ko Isa, suna kai shi kwata, ya ga rabin ilimin jan mota. Mutum biyu ne: ɗaya a gaba da igiyar ƙaho, ɗaya a baya da igiyar ƙafa. Ba mai ɗaure sa a kunne ko a wutsiya, don kowa ya san inda ƙarfinsa yake.

Mota ma da ƙahonta. A leƙa ƙarƙashinta, gaba da baya, za a ga zoben ƙarfe da aka haɗa da shasi domin wannan aiki. Wasu motocin kuma nasu na ɗaurawa ne, yana cikin but tare da jak. Nan igiya ke shiga. Amma sau nawa ake ganin Golf ta kafe a yashi, ko ta nutse a laka da damina wajen fadamun gulbin Rima, yaran mota sun zarga igiya a bamba ko a tayarod? Bamba dai kunne ce, fizga ɗaya ta biyo igiya ta bar motar a inda take. Tayarod kuwa in ya lanƙwashe, sitiyari ya tashi daga aiki, an koma neman bakanike a inda ko mai faci babu.

Ba a rasa dalilin gaggawar ba. Tun da 'yan bindiga suka ƙona motar matafiya a Gidan Bawa cikin Disambar 2021, ba direban da ke son la'asar ta same shi tsaye tsakanin Sabon Birni da Isa, balle hanyar Shinkafi. Sai dai igiyar da ta tsinke ta fi cin lokaci. A ninka igiyar jan, a sa tsumma ko tsohon tub inda ƙarfe ke da kaifi, a soka guntun icce cikin ƙullin don ya kwantu bayan ya sha ja. Tsawon mita 4 zuwa 5 ya isa, da jan ƙyalle a tsakiya saboda 'yan kabu-kabu.

Babban aikin na direban baya ne, shi ne mai igiyar ƙafa. Ya buɗe makulli kada sitiyari ya kulle, ya sa giya a firi, ya kuma sani in inji ba ya aiki birki tauri yake yi, sai an taka da ƙarfi. Shi zai riƙa taɓa birki don igiya ta zauna a miƙe, domin in ta saki, ko a yi fizgar da za ta tsinka ta, ko ya afka wa na gaba. Na gaba kuma ya tashi sannu a giya ɗaya.

'Yan kallo, ku ja da baya kafin a soma. Igiyar roba in ta tsinke, da ƙarfi take dawowa, tana iya karya ƙafa.