In ƙafar keke ta fara kuka, aljihu take yi ma gargaɗi

Duk wanda ya yi sammako ranar Litinin ko Juma'a bisa hanyar Jiratawa zuwa Maraɗi, ko ranar Alhamis tsakanin Mirya da Damagaram, ya san aikin da keke ke yi ma kasuwa. Shi ke ɗauko zogale da tumatir daga garka, shi ke rarraba burodi da ƙanƙara, shi ke kawo ma mai tuwo ruwa. Bido guda mai litir 25 nauyinshi kilo 25 ne; in aka ɗaura huɗu, kilo 100 ke nan, ban da mai tuƙi. Duk wannan nauyi bisa wasu ƴan ƙwallayen ƙarfe yake sauka, waɗanda ba su kai ƙwayar gujiya ba. Su ne masu gyara ke ce ma bil, wasu kuma boris. Ƴan kasuwa da iyayenmu mata masu ba yara keke su kai kaya, yau zancensu za mu yi.

Abin da ke cikin cibiya

Tsakiyar ƙafar keke, inda wayoyi suka haɗu, ita ce cibiya. Sandar ƙarfe ta ratsa ta. Kowane gefe akwai ɗan kwano, bil na zaune ciki, sai wani ƙarfe mai tsini da ake kira kon ya danne su, noti kuma ya kulle kon ɗin. Ga yawancin kekuna, ƙafar gaba na da bil 10 kowane gefe, masu kaurin kusan milimeta 4,8. Ta baya na da 9 kowane gefe, masu kaurin kusan milimeta 6,4. Haka tsarin yake ga su Phoenix na Sin da Hero na Indiya, da mafi yawan kekunan hannu da ke shigowa daga Turai.

Giris ne ke hana ƙarfe cin ƙarfe. To amma ƙasarmu ta rairayi ce. Ƙurar hunturu na kutsawa ta gauraya da giris, ya koma kamar dutsen wasa wuƙa. Da damina kuwa, in yaro ya ratsa ƙorama da keke, ruwa ya wanke giris ya bar tsatsa. Daga nan kuka ke farawa.

Gwajin da kowa ke iya yi

Ba sai kin iya tuƙi ba, Hajiya. A ɗaga ƙafar, a kama taya a girgiza ta hagu da dama. In tana kaɗawa tana ƙwas-ƙwas, kon ya saki. Sannan a juya ta, a dafa ƙarfen da ke riƙe da ita. In hannu ya ji gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa, ko giris ya ƙare, ko an matse kon da yawa, ko ƙarfe ya riga ya ci. In kuwa ƙarar sau guda take zuwa ga kowane zagaye, a fara duba birki da wayoyi, don sau da yawa laifin nasu ne.

Yadda gyara na ƙwarai yake

Muna ba ku shawara ku tsaya a yi aikin gabanku, don ba ya cin lokaci mai yawa. Mai gyara zai kwance noti da kon na gefe guda, ya zare sandar bisa tsumma don kada bil su watse cikin ƙasa. Ya ƙirga su. Ya wanke komi da kananzir, ya goge ya bushe.

Nan ne wurin buɗe ido. Kon mai lafiya yana da zobe siriri mai sheƙi inda bil ke bi. In zoben ya yi ƴan ramu kamar zanzana, kon ya mutu, a canza shi. Sandar kuma a gangara ta bisa tebur. In tana tsalle ta lanƙwashe, abin da ke yawan samun ƙafar baya saboda lodi. Bil kuwa a canza su duka. Kada a yarda a gauraya tsoho da sabo, don sababbin sun ɗan fi kauri, su kaɗai za su ɗauki nauyi. Kada kuma a cusa fiye da ƙa'ida. Ɗan gurbin da ke saura tsakaninsu ba kuskure ba ne, haka aka yi shi.

Sai a cika kwano da sabon giris, a jera bil, a mayar da sanda. Baƙin mai da aka zubar daga injin mota ba ya maye gurbin giris: zuba yake yi, kuma cike yake da garin ƙarfe. Yana kashe kuka kwana biyu, cuta na nan tana ci.

Ɗaurin kon shi ke raba gwani da ɗan koyo. Ana murza shi da hannu har ya taɓa bil, a ɗan sassauta, a riƙe shi da siririn sifana, galibi lamba 13 gaba da 15 baya, sannan a kulle noti. Kafin ku biya, ku sake gwaji: ƙafar kada ta kaɗa gefe, kuma in an sake ta ta juya sumul, ta tsaya sannu a hankali. Wasu kekunan zamani bil ɗinsu a rufe yake cikin zobe mai lamba, kamar 6000. Irin wannan ba a buɗe shi, sabo mai lamba guda ake sawa.

Lissafin ɗan kasuwa

Bil, kon da giris na cikin kayan keke mafi araha. Kwano kuwa a jikin cibiya yake. In aka bar kuka har kwano ya ci, mafi yawan lokaci sai an sayi sabuwar cibiya, a kwance wayoyi, galibi 36, a sake ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, a daidaita gargare. Ga kuɗin kaya, ga kuɗin aiki, ga yinin da keke zai yi kwance. Wannan ma in an yi sa'a ke nan. In bil ya fashe ƙafa ta cije bisa hanya, tumatir na cikin rana, ƙanƙara na narkewa, mai kaya na zaune kasuwa tana jira. Yaron da ke bisa kuwa yana iya faɗuwa gaban mota.

Don haka keken da ke ɗaukar kaya kullum a buɗe cibiyarshi sau biyu a shekara: bayan damina, da bayan hunturu. A lura da ɗan murfin da ke tare ƙura, in ya faɗi a sa wani, tunda sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku kuma masu keke, ku gaya ma yaranku su faɗi da zarar sun ji ƙara. Da yawa tsoron faɗa ke sa su yin shiru har ɓarna ta yi girma. Allah ya ba da kasuwa, ya kiyaye hanya.