Allurar Ciwon Sukari A Gida

'Yan'uwa manoma, wanda likita ya ɗora bisa allurar insulin yana iya yi wa kansa a gida, ya kuma ci gaba da nomansa.

Zafi yana rage ƙarfin maganin. In babu firiji, a ɗaure kwalbar cikin leda, a binne a jiƙaƙƙen yashi gindin randa. A riƙa canza wurin allura a ciki ko cinya, don kada fata ta yi ƙullutu.

Aikin gona yana sauke sukarin jini. Kada a fita da yunwa bayan allura. In rawar jiki, zufa da jiri suka zo, a sha sukari ƙaramin cokali 3 cikin ruwa nan take. Abokan gayya ma su san wannan.